Haƙƙin Kaza a Kan Mai Ita: Nasihar Juma'a ta Lokacin Hunturu

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicce mu, ya hore mana dabbobi da tsuntsaye, ya halatta mana namansu da ƙwansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Hunturu ya shigo. Duk wanda ya fito sallar asuba a makon nan ya ji a jikinsa. Mun fito da rigunan sanyi da barguna, mun sayo wa yara man shafawa saboda kaushi da faso. Nasiharmu ta yau a kan wata halitta ce da ke kwana cikin gida ɗaya da mu, sanyin da muke ji ita ma tana ji, amma ba ta da bakin faɗa. Ita ce kaza.

Na san wani zai ce, haba Malam, ga tsadar abinci, ga rashin tsaro a garuruwan da muka baro, sai maganar kaza? To, ɗan uwa, saurara. Imamul Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya shiga wani gida ya tarar wani yaro ya ɗaure kaza yana jifanta. Da kansa ya taka ya je ya kwance ta, ya kawo ta tare da yaron wurin manyan gidan, ya ce su tsawata masa, domin ya ji Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a tsare dabba a ɗaure ana jifa har ta mutu. A wata ruwayar ta Buhari da Muslim, wasu samari ya wuce sun kafa kaza suna harbi, da suka hango shi suka watse, ya sanar da su cewa Annabi ya la'anci mai yin haka. Wannan fa ɗan Sarkin Musulmi Umar ne, ɗaya daga cikin manyan malaman sahabbai, bai ga girmansa ya faɗi ba don ya sunkuya ya kwance wa kaza igiya. Mu su wane ne?

Abin da ka tsare, amana ne

A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummai ne kamar mu. Kuma kowa a nan ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ku lura da laifinta. Ta tsare kyanwar, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba, har ta mutu. Ranar da ka kifa wa kaza kwando, ko ka rufe ta a akurki, ko ka ɗaure mata ƙafa, ka raba ta da hanyar neman abincinta, saboda haka cinta da shanta da lafiyarta sun dawo wuyanka. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tafi a kan haka. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halil an bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan ba ta da wurin kiwo, idan kuma ya ƙi, hukuma za ta tilasta masa ya rabu da ita.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, inda Annabi ya sanar da sahabbai cewa kyautata wa duk wani mai rai akwai lada a ciki. Ke uwargida, ruwan da kike zubawa a kasko kowace safiya, in kin yi niyya, sadaka ce ake rubuta miki.

Ban da lada, kaza dukiya ce. Yawancinmu baƙi ne a nan Paikon Kore. Wani daga Kano, wani daga Katsina, wani daga Sakkwato ko Zamfara, neman halali ya kawo mu ƙasar Gwagwalada. Ba mu da gonakin gado a nan, ba mu da garke irin na 'yan uwanmu Fulani da ke wajen makiyaya. Kajin nan biyar ko goma da ke tsakar gida su ne asusun mata. Yaro ya kwanta zazzaɓi, a kama zakara a kai kasuwa. Baƙo ya sauka daga gida, a yanka dakwalwa a fita kunya. Kuɗin makarantar Islamiyya ya taso, a sayar da ƙwai. Wanda ya bar wannan dukiya ta lalace da sakaci ya yi almubazzaranci, shi ma abin tambaya ne.

Ƙafar kaza

Kaza da ƙafarta take ci. Da ita take tono, da ita take guje wa shaho da muzuru, da ita take hawa inda za ta kwana. In ƙafa ta lalace, sauran kaji za su riga ta ga tsaba, su yi ta saran ta, ta rame a hankali.

A ƙasashen ƙanƙara irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka, masu kiwon kaji a bayan gida suna fama da wata matsala. Idan sanyi ya sauka ƙasa da ma'aunin 0, inda ruwa ke daskarewa, jini yakan daina isa yatsun kaza da tukkunta, musamman in akurkin yana da laima. Sai yatsan ya yi fari, ya kumbura, daga baya ya yi baƙi ya bushe, bayan wasu makonni ya guntule ya faɗi. Su abin da suke yi, sukan ɗumama ƙafar a hankali da ruwa mai ɗan ɗumi, ba sa murza ta, ba sa kai ta bakin wuta, kuma sukan sa katako mai faɗi a wurin kwana don kaza ta kwanta a kan yatsunta ta rufe su da gashinta.

Mu alhamdu lillahi hunturunmu bai kai nan ba. Amma ku zagaya tsakar gidajenmu, za ku ga kaji masu baƙin yatsa da masu dungu. Abin da ƙanƙara ke yi a can, mu zare ne ke yi mana shi a nan: zaren buhun da ya tsufa ya zazzage, zaren teloli, gashin kanti da mata ke ƙara wa kitso a tsefe a yar, da tsumma ko leda da ake ɗaura wa kaza a ƙafa don shaida. Tana tono a bola sai zaren ya naɗe yatsa, kullum yana ƙara shiga cikin nama, har ya datse hanyar jini. Daga nan labarin ɗaya ne: kumburi, baƙi, guntulewa. Shaidar da aka ɗaura mata tana 'yar tsakuwa, ƙafa ta yi kauri, ɗaurin bai ƙaru ba, shi ma haka yake yi.

In ka ga kazarka tana ɗingishi ko tana ɗage ƙafa ɗaya, kada ka ce gobe. Ka bari ta shiga kwana da magariba, lokacin kamun ba wuya, ka sa wani ya riƙe maka ita, ka haska fitila ka duba yatsun ɗaya bayan ɗaya har tafin ƙafar. In zare ne, ka sa ƙaramin almakashi ko sabuwar reza ka yanke shi a hankali, ka tabbatar ba ka bar sili ko ɗaya a cikin naman ba. Ka jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da ɗan gishiri kamar minti 10, ɗumin da gwiwar hannunka za ta jure. Ka tsane ta da tsumma mai tsabta, ka shafa aidin ko shuɗin maganin nan na ciwo da ake samu a kemis. Sannan ka ware ta a kwando ko kwali, ka shimfiɗa mata busasshen ƙaiƙayi ko ɓuntun shinkafa, ka ajiye ruwa da abinci kusa da bakinta. Warewar nan dole ce, domin kaji in suka ga jini sai sun yi ta sara.

Idan yatsan ya riga ya yi baƙi ya bushe, ya mutu ke nan, ba zai dawo ba. Kada ka sa wuƙa ka ce za ka cire shi. Ka ci gaba da wankewa da sa magani, da kansa zai rabu a daidai inda nama mai rai ya tsaya. Kaza mai yatsa biyu tana rayuwa, ta yi ƙwai, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe kamar kowace. Kuma don Allah a daina zuba wa ciwo kananzir ko baƙin man inji, a daina lalas da ƙarfe mai zafi. Azaba ce kawai ake ƙara mata.

Akwai wasu ciwukan ƙafa biyu da ya kamata mu gane. Na farko, kumburin tafin ƙafa mai baƙin ɓawo a tsakiya. Asalinsa ɗan rauni ne daga ƙusa ko waya ko fasasshiyar kwalba, ƙwayoyin cuta suka shiga suka tara mugunya mai tauri. In an gan shi da wuri, jiƙawa da wankewa da naɗewa da busasshiyar shimfiɗa kan wadatar. In ya yi zurfi, aikin likitan dabbobi ne. Na biyu, ƙafa ta yi kaushi, ɓawonta ya ɗaga ya yi fari kamar an shafa toka. Mutane kan ce tsufa ne ko hunturu, alhali wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani suke shiga ƙarƙashin ɓawon. A wanke ƙafar da ruwan ɗumi da sabulu, a shafe ta da basilin sosai har ya toshe musu iska, a maimaita bayan 'yan kwanaki har tsawon makonni, a share akurkin a canja shimfiɗa. Kada a ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, jini zai fita.

'Yan tsaki kuwa su ne sanyi ke kashewa da gaske. A makonsu na farko suna buƙatar ɗumi kamar ma'aunin 32 zuwa 35, saboda gashinsu bai fito ba. In suna da uwa, a rufe ta da su a inda iska ba ta bugowa, kada a sake su sai hantsi ya ɗaga. Masu sayo 'yan tsakin gidan gona suna ɗumama su da gawayi, ku bar kafar da iska za ta shiga. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da guba marar wari da ke kashe kaji, yana kashe mutane ma. Wannan gargaɗin har da ɗakunan kwananmu.

Jinya ko wuƙa

Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma shari'a ba ta hana ba. Abu Musa al-Ash'ari ya ba da labarin ya ga Annabi yana cin naman kaza, kamar yadda ya zo a Buhari. Abin da ba ya halatta shi ne hanya ta uku da yawancinmu ke bi: ba jinya, ba yanka, a bar ta a bayan ɗaki tana jan ciki, ƙuda na bin ciwon, har ta mutu mushe a jefa a bola. An yi asarar nama, an kuma ɗauki alhaki. In kumburin ya haura sama, ciwon ya fara wari, ta daina ci, ko ƙafafun biyu sun tafi, ka kai ta ga likitan dabbobi in kana da hali. In ba ka da shi, kuma ciwon na rauni ne a ƙafa kawai, jikinta lafiya, ka yanka ta tun da sauran ƙarfinta, ka yar da wurin da ya lalace.

Yankan ma da ladabinsa. Hadisi na 17 cikin Arba'una ta Imamun Nawawi, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, yana koyar da cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har yanka: a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan. Ka wasa wuƙarka tun kafin ka kamo ta, ba a gabanta ba. Kada ka yanka wata a gaban wata. Ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah, ka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba. Masu figa a kasuwa, ku ji tsoron Allah, ku bari rai ya gama fita kafin ku tsoma ta a ruwan zafi. Yawan masu jira a layi ba uzuri ba ne.

Gare ku 'yan kasuwa

Yanzu ƙarshen shekara ya gabato, kasuwar kaji ta buɗe, maƙwabtanmu Kirista na shirin Kirsimeti, ga bukukuwa. Allah ya sa albarka a ciniki. Amma mu dubi yadda muke ɗauko su. A haɗa kaji biyar ko shida a ɗaure ƙafafunsu da igiyar leda tamau, a rataya a babur kai a ƙasa, wata kanta na gogar taya, wata na jikin salansa, daga ƙauye har Gwagwalada ko Zuba. A iso a zube su a rana tun safe har la'asar ba ruwan sha. Da yamma in ka kwance wadda ba a saya ba, ba ta iya tsayuwa, domin jini ya daɗe bai zagaya ƙafar ba. Wane bambanci ke tsakanin wannan da abin da Ibnu Umar ya hana? Kejin sanda ko kwando mai faɗi ba shi da tsadar da za ta karya jari. In ɗauri ya zama dole, a yi shi da tsumma mai laushi, a sassauta yadda ɗan yatsa zai shiga, a kwance da an iso, a sa su a inuwa, a ba su ruwa. Ko ta fuskar riba, kaza mai kuzari ta fi wadda ta galabaita kuɗi.

Sai maganar aibi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tarin ya ji laima a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Kaza mai ciwon ƙafa da ka ɗaure don kada a ga ɗingishinta, ka sayar wa matar da ta ce kiwo za ta yi, algus ne. Ka faɗa mata, ka rage kuɗin. Haka wadda ka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta jiya: akwai kwanakin da ake jira kafin a ci namanta ko ƙwanta, an rubuta a jikin takardar maganin. Kafso ɗin mutane da ake farkewa a zuba wa kaji a ruwa ba tare da awo ba, shi ma a bari, a tambayi masana.

Annobar hunturu

Dukkanmu mun san yadda kaji ke zubewa a wannan lokaci: kaza ta takure, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, cikin mako akurki ya zama kango. Mafi yawa cutar da likitoci ke kira Niyukasul ce, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta. Ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗiga wa kaza a ido, ana maimaitawa bayan wata 3 zuwa 4. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, saboda haka gidajen layi guda su haɗa kuɗi su kira ma'aikacin dabbobi a yi wa kowa rana ɗaya. Lafiyayyu ake yi wa, tun cutar ba ta shigo ba. Sabuwar kazar da ka sayo, ka ware ta mako 2 kafin ka haɗa ta da na gida.

Abin da ya fi muni shi ne mutum ya ga cuta ta shigo masa, ya kwashi sauran da sassafe ya kai kasuwa kafin su faɗi. Ka ɗauki annoba ka sayar wa ɗan uwanka da kuɗinsa, ta je ta share masa akurki. Wannan kuɗin ba albarka a cikinsa. Kuma ku tuna murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a Jihar Kaduna, tana iya kama mutum. In kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka, kada a ci, kada yara su taɓa. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da sabulu, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma.

Gida da maƙwabta

Iyaye, yaron da ya saba ɗaure wa ɗan tsako zare yana ja, ko yana auna zakara da danƙo, ana kallo ana dariya, zuciyarsa ce ke bushewa. Ku tsawata kamar yadda Ibnu Umar ya ce a tsawata. Ku ba shi aikin zuba ruwa da tsaba da tsince zare a tsakar gida, ya tashi da tausayi. Ku gaya masa Annabi ya hana zagin zakara saboda yana tashin mutane sallah, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Mata kuma, gashin kitso da zaren buhu a tattara a ƙone ko a binne, kada a watsa a bola.

Sannan mu kiyaye haƙƙin mutanen da muka tarar a garin nan. Lokacin girbi ne, ko'ina shanya ce ta dawa da masara da shinkafa. Kajinka su wuni a kan shanyar maƙwabci, in ya yi magana ka ce ai dabba ce, wannan ba halin Musulmi ba ne. Ka tsare su har a kwashe shanya, ka ciyar da su daga aljihunka, in sun yi ɓarna ka je ka ba da haƙuri ka biya. Wanda kuma kazar wani ta shigo masa, ya kore ta, ya kai ƙara ga mai ita, kada ya jefe ta ya karya mata ƙafa. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake auna baƙo, da su kuma ake auna addininsa.

Yau in an sauko daga masallaci an ci abinci, kowane magidanci ya zagaya bayan ɗaki. A duba kasko ko da ruwa, a duba shimfiɗar akurki ko ta jiƙe, da magariba a kama kajin a duba ƙafafunsu.

Allah ya sanya tausayi a zukatanmu, ya ji ƙanmu kamar yadda ya umarce mu mu ji ƙan na ƙasa da mu. Allah ya sa albarka a kiwonmu da kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haram. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, ya zaunar da garuruwanmu na asali da wannan gari da ya karɓe mu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.